Gayyar da Aka Yi wa Ƙafar Ismail

Malam Namadi mutumin Kurya Madaro ne, amma ya kwan biyu yana zaune Kaura Namoda, a wani gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa. Ba marmarin birni ya kawo shi ba. Ranar da ɓarayin daji suka auka musu a gona, harsashi ya sami ɗansa Ismail a ƙaurin dama. Kafin a iso da shi asibiti ƙafar ta riga ta lalace, likita ya yanke ta ƙasan gwiwa. Daga nan gidan gaba ɗaya ya taso.

Ismail magidanci ne, da matarsa Zulaihat da 'ya'yansu. A da in ya kama galma, sai dai a bi shi da kallo. To, tun da aka sallamo shi ya shige ɗaki. Sandunan da aka ba shi suna jingine bayan ƙofa, ko masallacin unguwa ba ya zuwa. Wani ɗan'uwa ya ara musu gona a bakin gari, ta hanyar Shinkafi, amma wa zai noma ta? Namadi ya haura saba'in, bayansa ya daina yarda da sunkuyo. Abu guda yake roƙon Allah a kai: Ismail ya sami ƙafar roba kafin ruwa ya sauka, ya fito daga ɗakin nan, ya tsaya cikin gona kamar kowa.

Labarin ƙafar ya zo ne ta bakin Mwuese, nas ɗin da ta riƙa wanke wa Ismail ciwo, wadda duk unguwa ke kira Sista. Ta ce akwai wata ƙungiyar agaji da za ta zo Gusau bayan ƙaramar salla, tana sa wa mutane ƙafar roba kyauta. Abin da suke so kawai shi ne a aika musu takardar likita da hoton ƙafar ta imel.

"Sau guda ya isa, Baba," in ji ta. "Ku tura, ku jira."

Namadi ya gyaɗa kai. Ya ji "ku tura". Sauran maganar ya ɗauke ta irin ta yaran zamani.

Wurin da ake tura irin wannan a unguwar shi ne shagon Tunde. Uban Tunde ma'aikacin reluwe ne da ya zo daga Kudu tun jirgi na zuwa kullum, a nan aka haifi Tunde, kuma in yana magana bayan labule ba ka ce ba Bazamfare ba ne. Yana da kwamfutoci biyu da wani tsohon injin fotokwafi mai girman akwatin lefe. Injin nan shi ne abincinsa, domin in ka ɗora masa takarda zai ɗauki hotonta ya aika ta imel da kansa. 'Yan Poli, wato ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, da masu neman aiki da 'yan kasuwa duk nan suke zuwa.

Namadi ya zauna ya faɗi abin da za a rubuta. Ya fara da sallama, ya gaishe su da aiki, ya tambayi iyalinsu, ya yi wa iyayensu addu'a, sannan ya ce shi dattijo ne da masifa ta same shi, yana neman taimakonsu don Allah. Tunde ya juya shi Turanci, ya haɗa da takardar likita da hoton dungun ƙafar, injin ya yi ƙugi ya aika.

Mako ya shige, shiru.

Wanda bai san Namadi ba zai ce rashin haƙuri ne ya mayar da shi shagon. Ba haka ba ne. Shekara da shekaru shi ne mai kai kukan unguwarsu gidan hakimi, ya kuma san yadda ake neman abu wurin manya. Ba ka faɗa sau guda ka tafi gida ka kwanta, wannan raini ne, kamar kana cewa abin bai dame ka ba. Da safe za ka je ka yi gaisuwa, ka koma gefe inda idonsa zai riƙa faɗa maka. Gobe ka dawo. Jibi ka dawo. In ya ƙi ji, ka zo da mutane. Da haka suka sami rijiyar burtsatse, da haka suka sami taki shekarar da aka manta da su.

"Sake aika musu," in ji shi.

"Baba, ya isa gare su. Na ga alama."

"In ya isa, mi ya hana su amsa?"

"Mutane da yawa ka aika musu. Sai sun bi ɗaya bayan ɗaya."

"Ka ji ko? Mutane da yawa. Kuma kana son in yi kwance su rufe ni. Ubanka da yana da rai bai yi mini wagga gardama. Aika."

Tunde ya aika. Kashegari ma ya aika. Bencin da ke ƙofar shagon ya zama wurin zaman Namadi na safe. Zai iso da carbinsa, su gaisa, ya nuna injin da haɓa, Tunde ya tashi ya aika.

Da azumi ya raba tsakiya ba amsa, Namadi ya ga lokacin zuwa da mutane ya yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya bakin masallaci ya tare duk wani dattijon Kurya da gudun hijira ya kawo Kaura. Ya ce musu gayya yake kira. A gida, in gonar mutum ta fi ƙarfinsa, maƙwabta ne ke taruwa su nome masa ita rana guda. To ga gonarsa ta fi ƙarfinsa.

Ba wanda ya ce a'a. Malam Bawa, abokinsa tun suna yara, ma ya ƙara da nasa. Da ma ya yi kwanaki yana yago duk inda ya ga adireshin imel, a jikin kwalin magani, a buhun tallafi, a takardar da aka liƙa a bangon asibiti. Ya ce in waɗancan sun yi barci, wataƙila wani cikin waɗannan ya san su ya tashe su.

Tunde ya ɗago kai ya ga ƙofar shagonsa ta cika da fararen gemu. Wasu sun zo da tabarminsu.

"Baba, wanga abu ba haka aka yi nai ba," in ji shi a hankali. "Guda ɗaya da dubu duk ɗaya na gare su."

"Gare ka dai," in ji Bawa. "Kai ka taɓa ganin an kori taron dattawa daga ƙofar wani?"

Tunde ya dube su. Cikinsu akwai waɗanda suka zo ta'aziyyar ubansa tun daga Kurya, suka zauna rana har la'asar ko da yake ba addininsu ɗaya ba. Ga azumi a bakinsu. Ya ce a ransa, iyaka dai a share saƙonnin, me zai faru? Ya jawo kujera.

Bawa ne ya fara. "Rubuta. Ni Bawa, mutumin Kurya Madaro, ina roƙonku ku taimaki ɗana Ismail."

"Baba Bawa, ɗanka na?"

"To ɗan wa na? Ni na riƙe shi ranar da wanzami ya zo. Rubuta yadda na hwaɗi."

Haka kowa ya zo ya ba da sunansa, kowa ya ce ɗana, domin a Kurya ba dattijon da zai buɗe baki ya kira yaron da ya girma a gabansa ɗan wane. Maganar ba ta canza ba, takardar likita ita ce, hoton shi ne. Da na zaune suka ƙare aka shiga buga waya. Dangi na Shinkafi suka ce a sa sunansu, surukai na Zurmi da Birnin Tsaba suka ce kada a bar su baya. Kowane saƙo kuwa sai an tura shi ga ƙungiyar, an kuma tura shi ga duk adireshin da Bawa ya yago. Injin ya yi ta ƙugi har ya yi zafi, aka kunna masa fanka. Ana dab da shan ruwa suka watse, Namadi na gaba, ya ji nauyin da ke ƙirjinsa ya ragu. Ya yi abin da ake yi.

Ranar Litinin ya tarar da shagon ba yadda ya saba ba. Wata ɗaliba na tsaye da takardu a hannu tana cewa yau ce ranar ƙarshe da za a karɓe su ta imel. Tunde na durƙushe gaban injin, ya kashe ya kunna, ya zare waya ya mayar. Duk abin da aka ɗora, injin zai yi ƙugi, ya yi jim, ya tofo 'yar takarda cewa bai tafi ba. Daga bisani ya buga wa kamfanin da ke ba shi intanet waya. Ya daɗe yana Turanci, muryarsa na hawa tana sauka, har ta koma "to, to" kawai. Ya ajiye wayar ya zo ya zauna kan bencin, abin da bai taɓa yi ba.

"Mi ya samu?" in ji Namadi.

"Sun ruhe ƙofa."

"Wace ƙofa? Ga ta nan buɗe."

Tunde ya shafa fuska. "Intanet, Baba, kamar gida na mai ƙofofi da yawa. Akwai wadda imel ka hita ta cikinta kai tsaye, ba mai tambaya tai daga ina. Ta nan injina ka aikawa. To 'yan damfara ma ta nan suka bi. Su rubuta saƙo guda, su ce su mutanen kirki na da masifa ta samu, su watsa ma duniya duka. Kamfani ya ce an dame su da ƙara, da ma suna shirin toshe ta. Da sunka ga abin da ya hita daga shagona ran Juma'a, sai sunka toshe tun ran Asabar. Ba ni kaɗai ba, duk wanda ke kan layinsu."

"Ka ce musu mu ba 'yan damfara ba na?"

"Na ce."

"Sunka ce mi?"

"Sunka ce na'ura ba ta san wannan ba. Ita ƙirga take. Sunka ce in bi ta wata ƙofa mai neman lambar sirri. Injin ga kuwa ya girmi waccan ƙofa, bai san ta ba."

Namadi ya shiga jan carbi. Ya tuna shekarar da aka kashe sabis ɗin waya a Zamfara duka don a gurgunta ɓarayin daji, yadda mutum zai shiga mota ya bar jiha don kawai ya ce wa ɗansa uwarka ba lafiya. A lokacin ya yi ta faɗa a majalisa cewa ba a hukunta gari saboda ɓarawo. Yau ga ɗaliba na share ido da gefen hijabi, kuma ba a daji wanda ya jawo mata yake ba, yana zaune kan benci da carbi. Tunde ya tashi ya karɓi takardunta ya shiga ɗaukar su ɗaya-ɗaya da wayarsa, hannunsa na inuwa a kan rubutun.

"Namu dai sun tahi kahin a ruhe?" in ji Namadi da ɗalibar ta fita.

"Sun tahi, Baba. Duka."

Bai ce Alhamdu lillahi ba, domin yadda Tunde ya faɗi "duka" bai yi masa daɗi ba.

Sista Mwuese ce ta kawo sauran. Ta sami lambar wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta hannun wani likita, ta buga mata. Da yamma ta biyo gidan da kayan aikinta a jiki, ta ƙi shiga ciki, ta ce a ƙofa za su yi magana.

"Baba, na farkon nan da kuka tura, sun gani. Tun makon farko suka sa sunan Ismail. Ba su amsa ba ne don sai sun gama tantancewa suke amsa wa kowa rana guda."

"Madalla."

"Ban gama ba. Daga baya hoton ƙafar ya riƙa zuwa kullum. Suka ce tsoho ne, a ƙyale shi. Sai ga shi ya zo da sunaye daban-daban, wannan daga Kaura, wannan daga Shinkafi, wannan daga Zurmi, kowa ya ce ɗansa ne. Wasu ƙungiyoyi ma suka bugo musu suna tambaya ko su ma sun samu. Suka ce ƙafa ɗaya ba ta da iyaye haka. Sun cire shi."

Namadi ya dafa bango. "Ɗiyata, ba ki ce musu hakanan muka yi ba? Yaro na kowa na."

"Na ce. Matar ta ce ta yarda da ni, amma ba ita kaɗai ke yanke magana ba, kuma an riga an ba wani gurbinsa. Ta ce abu guda ya rage. A kawo shi da kansa ranar, su gan shi da ido. In wani abu ya ragu, to. Kada a sake tura komai." Ta gyara jakarta. "Sau guda na ce muku, Baba."

"Kin ce," in ji shi.

Ya daɗe a zaure kafin ya ɗaga labulen ɗakin Ismail. Ya faɗa masa yadda aka yi, bai rage ba, bai kuma ƙara ba. Ismail na zaune kan katifa, ya lulluɓe dungun da zanen Zulaihat.

"Wato duk Kurya ta ga hoton," in ji shi.

"Iyayenka na."

"Da Shinkafi. Da Zurmi." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ni da nike ɓoyon ta ga maƙwabta." Ya juya ya dubi sandunan da ke bayan ƙofa, ya daɗe yana dubansu. "Za ni tahi. Amma ni da kai, Baba. Ban son rakiya."

Ranar tafiya, suna isa tasha suka tarar da Bawa da rabin dattawan gayya sun riga su, kowa da babbar rigarsa. Bawa ya ce ai ido da ido ya fi, su je su tsaya gaban mutanen nan su ga ko za a kira su maƙaryata. Namadi bai taɓa korar jama'a ba a rayuwarsa, bai ma san yadda ake yi ba. Ya kama hannun Bawa ya ja shi bayan wata mota.

"Ku koma gida."

"Namadi, mu na fa."

"Na sani. Ku yi mini addu'a daga nan."

Bawa ya zare hannunsa, ya juya ba sallama.

A Gusau layin ya zagaye rumfa ya fita har bakin titi. Maza da mata da yara, kowa da abin da ya rasa, mafi yawa daga ƙauyukan da Namadi ya sani. Ismail ya tsaya kan sanduna har hammatarsa ta yi ja, bai yarda ya zauna ƙasa ba. Rana ta karkata kafin su iso teburin. Matar da ke rubuta sunaye a wurin ta ji sunan, ta ɗago kai, ta juyo kwamfutarta ta dubi hoton, ta ce Ismail ya naɗe wando. Ta dubi tabon ɗinkin, ta sake duban hoton.

"Wane ne mahaifinsa a cikin duk waɗanda suka rubuto?"

"Ni na," in ji Namadi. "Sauran maƙwabta na."

Ta yi kamar za ta yi murmushi, ba ta yi ba. Ta ce kayan da suka zo da su sun ƙare tun azahar. Amma ta sa aka shigar da shi ciki, aka auna dungun, aka naɗe shi da farin filasta aka ɗauki siffarsa. Ta ce za a haɗa tasa a zuwa na gaba.

"Yaushe ke nan, ɗiyata?"

"Bayan damina, in hanya ta yi kyau. Za mu aiko muku ta imel."

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba. Namadi ne ya ɗauki sungumi ya nufi gonar aro, Zulaihat na binsa da ƙwaryar iri. Yakan yi 'yan saran, ya miƙe ya dafa ƙugu, ya jira ciwon bayan ya sake shi. Ismail ya fara binsu a kan sanduna, yana zama gindin wata bishiyar bedi yana gyara ƙotar fartanya, wani lokaci ya ɗaga murya ya ce layin ya karkace. Gonar ba ta shuku duka ba. Gefen yamma haka aka bar wa ciyawa.

Da safe kafin ya wuce gona, Namadi na biyawa shagon. An ture injin fotokwafin gefe, yanzu kwafi kawai yake yi, an ɗora masa tulin takardu. 'Yan Poli da yawa sun koma wani shago kusa da makarantarsu. Tunde bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuwa ya fi damun Namadi fiye da a ce ya yi faɗa.

Zai yi sallama, su gaisa, Tunde ya duba wayarsa.

"Ba su aiko ba, Baba."

"To."

Wata safiya Tunde ya ce, fuskarsa ba alamar wasa, "Ko in tuna musu? Layi guda kawai."

Namadi ya dube shi. Duk abin da ya sani game da neman abu wurin manya ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye.

"Kak ka taɓa," in ji shi.

Ya saɓa fartanya, ya bi gefen layin dogo ya nufi gona.